Ɗana zai tafi karatu garin guguwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatu a Jami'ar Oklahoma da ke garin Norman a Amurka, zai tashi a watan Agusta. Ƙanwarsa ta nuna min bidiyon wata baƙar guguwa tana ɗaga motoci, ta ce can ne. Tun ranar barci ya ƙaurace min. Irin tamu ce ta bazara? In bar shi ya tafi kuwa? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun. Ba irin tamu ba ce. Tamu da ke tashi da rana tsaka a bayan kasuwa, ta kwashi ledoji da ƙiraruwa, yara na gudu ana cewa aljanu ne ke wucewa, zafin ƙasa ne ke tayar da ita, sama kuwa tas ba girgije. Waccan da suke kira tonado daga cikin hadari take saukowa, kamar mazurari, tana juyawa. Iska mai ɗumi da laima tana tasowa daga Tekun Meziko, ta yi karo da busasshiya mai sanyi daga yamma da arewa, a tsakiyar ƙasar inda babu tsaunin da zai raba su. Shi ya sa Amurka ke samun kusan 1,200 a shekara, fiye da kowace ƙasa.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙanwar tasa ba ta yi ƙarya ba. Garin Moore maƙwabcin Norman ne. Ranar 3 ga Mayun 1999 wata ta ratsa ta can, na'ura ta auna gudun iskarta sama da kilomita 480 a awa, mutum 36 suka rasu. Ranar 20 ga Mayun 2013 wata ta sake bi ta garin ta kashe 24, bakwai daga ciki yara ne a makarantar firamare. Mafi muni a tarihin ƙasar ita ce ta 18 ga Maris 1925, wadda ta yi tafiyar kusan kilomita 350 ta jihohi uku ta hallaka mutum 695, a zamanin da ba a sanar da kowa komai.

Yanzu ana sanarwa. Cibiyar da ke hasashen irin wannan hadari ga duk ƙasar ma a Norman ɗin take. Na taɓa kai wa wani abokina ziyara a birnin Oklahoma. Wata Asabar da sha biyun rana ina kurɓar shayi sai jiniya ta ɗauka, na miƙe ba takalmi ina salati. Shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba, ya ce gwajin mako ne. Daga nan ya ja ni gareji ya ɗaga wani murfin ƙarfe a ƙasa: rami ne mai matakala, da benci da tocila da robar ruwa, zai ɗauki mutum shida a matse. Da ganin ramin nan hankalina ya kwanta.

Maganar gaba kuwa, masu bincike sun lura guguwar na ƙara karkata gabas, wajen jihohin Akansas, Tenesi, Misisipi da Alabama. Can ta fi kisa, don tana yawan zuwa da dare, ga itatuwa suna hana a hango ta, ga talakawa da yawa a gidajen tafi-da-gidanka da ba su da tushe. Garuruwa kuma sai faɗi suke yi, filin da a da za ta share ba kowa yanzu unguwa ce.

Ni dai shawarata ki bar shi ya tafi. Yawancin guguwoyin nan ƙanana ne, hanyarsu siririya, minti kaɗan sun lafa. Akwai tsofaffi a jihar Oklahoma da ba su taɓa ganin ko ɗaya da ido ba. Amma kafin ya biya kuɗin haya ya tambayi inda mafaka take. Ya bar wayarsa a kunne da dare, don gargaɗin yakan zo ne saura minti goma zuwa sha biyar. In ya ji, ya sauka hawa na ƙasa, ya shige banɗaki ko lungun da ba taga, ya rufe kansa da katifa. Kada ya fake a ƙarƙashin gada, an yi asarar rayuka a haka a 1999. Kuma ki ja masa kunne, na san halin 'yan zamani, ban da fita ɗaukar bidiyo.

Lokacin guguwar ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni. Tunda a Agusta zai sauka, yana da wata bakwai ya haddace hanyar ramin.