Tambaya da Amsa: Duban Babban Hanji da Na'urar Sikana

Tambaya: Assalamu alaikum lokotoro. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram, shekaruna 52. Bara yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu da ciwon dajin babban hanji yana da shekara 57, sai aka ba ni shawarar in je a duba nawa hanjin da tiyo mai kyamara. Gaskiya abin yana ba ni tsoro da kunya. Ɗana da ke karatu a Yamai ya ce akwai wata hanyar da ake dubawa da sikana ba tare da tiyon ba. Shin za ta wadatar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙuri. Abin da ɗanka ya faɗa gaskiya ne. An fara nuna wannan hanya a Amurka a shekarar 1994, kuma yadda take aiki shi ne, sikana tana ɗaukar hotunan ciki yanki-yanki, sannan kwamfuta ta haɗa su har likita ya ga cikin hanjin a allo kamar yana tafiya a cikinsa. Da ita aka duba Barack Obama a 2010 lokacin yana shugaban ƙasa.

Sai dai ba a rabu da tiyo kwata-kwata ba. Ana sa wani ɗan siriri a bakin dubura kawai, a hura iska domin hanjin ya buɗe, mutum ya kwanta rigingine a ɗauki hoto, sannan ya juya rub da ciki a sake ɗauka, yana riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi. Duka aikin bai cika wuce minti 15 ba, ba a yin allurar barci, kuma ban da kumburin ciki na ɗan lokaci, mutum yana iya tashi ya koma rumfarsa a ranar. Wankin ciki kuwa yana nan daram, kuma shi ne abin da mutane suka fi kuka da shi. Kwana guda kafin gwajin babu tuwo, babu fura, babu wake ko zogale, sai ruwa da tataccen romo da shayi ba madara, ga maganin gudawa da zai sa mutum zarya zuwa bayi har abin da ke fita ya koma ruwa garau.

Abin da ake nema shi ne ƙananan tsiro da ke fitowa a bangon hanji, waɗanda wasunsu ke rikiɗewa su zama ciwon daji a hankali cikin shekaru. Sikana tana gano kusan 9 cikin 10 na tsiron da ya kai milimita 10, amma ƙanana da waɗanda suke shimfiɗe kan kuɓuce mata. Babbar gazawarta ita ce gani kawai take yi. Idan ta nuna tsiron da ke buƙatar cirewa, dole a koma ga tiyo mai kyamarar nan da aka guda, domin da shi ne ake cire tsiron nan take a kai shi awo, wani lokaci ma sai an sake wankin ciki. Saboda ƙananan da kan kuɓuce mata ne wanda ba shi da wani haɗari na musamman yake maimaita sikana duk shekara 5, alhali na tiyo sai bayan shekara 10. Ba a kuma yi wa mai juna biyu, saboda hasken da take ɗaukar hoto da shi yana iya cutar da abin da ke cikinta.

A game da kai Alhaji, ban ga dalilin zaɓen sikana ba. Ta fi dacewa da wanda ya kai shekara 45 ba shi da alamar ciwo ko tarihinsa a gida, ko dattijon da allurar barci za ta wahalar, ko wanda tiyo ya kasa kaiwa ƙarshen hanjinsa. Wanda ɗan'uwansa na jini ya kamu kafin shekara 60, shawarar likitoci ita ce ya yi na tiyo tun yana shekara 40, ya riƙa maimaitawa duk shekara 5. Ka ga ashe lokacinka ya daɗe da yi. Batun kunya kuwa, a lulluɓe ake yin aikin, kuma idan an yi allurar barci da yawa ba sa tuna komai bayan sun farka.

Kafin ka kama hanyar Yamai, tafiyar wajen kilomita 900, ko ta Kano, fara ganin likitan ciki a babbar likita ta Damagaram ya rubuta maka takarda, ya kuma faɗa maka inda ake yin gwajin. Ka sanar da shi idan kana shan maganin suga ko na tsinka jini. In kuma ka taɓa ganin jini a bayan gida, ko kana ramewa ba dalili, kada ka ce basir ne ka tsaya ga jiƙo. Ka faɗa masa a zaman farko.