Ga mai tambaya kan ƙanwarta da aka yi wa yankan gishiri

'Yar uwa, tun da na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce wata bakwai ke nan da wanzami ya yi wa ƙanwarki yankan gishiri, fitsari na zubo mata ba tsayawa, kina so ki san ko ana gyara irin wannan a asibiti. Ana gyarawa. Ni da nake rubuta miki an gyara ni, bayan na shekara huɗu ina kwana a kan leda.

Shekarata 16 aka kai ni ɗakin miji. Duk sanda ya zo mini sai in ji azaba, sai in gudu gida. Ba wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni. Gwaggona kawai ta yanke hukunci, wai gishiri ne ya tsiro mini, in ba a yanke ba ba zan zauna da kowane namiji ba. Da asuba ta aiko wai in zo in taya ta tankaɗe, ina shiga ɗaki na tarar da wanzami zaune da zabirarsa. Ita da kanta ta danne mini ƙafa, wata maƙwabciya ta zauna a ƙirjina. Har gobe ina jin muryarta tana cewa "yi shiru, kar ki ba mu kunya". Matar da ta goya ni fa, ita ta yaye ni, a ɗakinta nake kwana ina yarinya. Jini ya jiƙa tabarma, suka tura mini tsumma da wani garin magani. Kwana biyu na farka na ji zanina sharkaf, na ɗauka fitsarin kwance na yi. Da abin ya ƙi tsayawa, ita dai Gwaggon ce ta fara toshe hanci in na wuce, ita ce ta ware mini kwano da buta. Mijin bai cika wata uku ba ya aiko da takarda. Har yau ba ta taɓa cewa in yafe mata ba, ta ce taimakona ta yi. Ina gaishe ta saboda Baba, amma Allah ya sani zuciyata ba ta huce ba.

Ki yi haƙuri, ba wannan kika tambaya ba.

Abin da nake roƙonki, kar ku bari kowa ya sake taɓa yarinyar nan. Ba wanzami ba, ba mai saiwa ba, har likitan da ba aikinsa ba ne. Mu mun faɗa wannan ramin. Baba ya sayar da tumakinsa biyu aka kai ni wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka yi mini ɗinki, sati bai zagayo ba ya warware. Da na isa wurin masu aikin, likita ya ce mini aikin farko shi ya fi samun nasara, domin duk ɗinkin da ya lalace tabo yake bari, naman wurin ya ƙanƙance. Ga shi kuma askar gishiri ta gaba take bi, sau da yawa ba mafitsara kaɗai take hudawa ba, har bututun da fitsari ke fitowa take tsagawa, shi kuwa gyaransa sai gwani.

Ni a Babbar Ruga ta Katsina aka yi mini. Asalinsa asibitin kutare ne, wani likita Bature ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees, ya fara aikin yoyon fitsari a can tun wajen 1984, yanzu cibiya ce ta gwamnatin tarayya. Akwai irinta a Ningi ta jihar Bauchi, akwai cibiyar Laure a cikin asibitin Murtala na Kano, akwai Jahun a Jigawa. In ta wajen Maraɗi kuke, akwai ta Danja. Ban biya kuɗin aiki ba, mota da abinci ne suka ci mana kuɗi, ku tanade su.

Kuma don Allah ta faɗi gaskiya. Ni kunya ta sa na fara cewa haihuwa ce, malamar asibitin ta dube ni ta ce "'yata, wannan aikin aska ne, ba ke kaɗai ba ce a ɗakin nan". Kuka na fashe da shi. Za su zuba mata ruwa mai shuɗi ta roba su ga inda yake ɓullowa, ba zafi. Ranar aiki allurar baya suka yi mini, idona biyu amma daga ƙugu zuwa ƙasa ban ji komai ba. Bayan nan robar fitsari, tawa ta fi sati biyu. Za su matsa mata da shan ruwa kamar me, ta sha. Na san ta saba ƙin sha don kar zubar ta yi yawa, duk haka muke yi, alhali shi ke sa zarni ya yi ƙarfi, fatar cinya ta saɓule.

Tana salla kuwa? Ki tambaye ta a hankali. Ni na yi kusan shekara ba na yi, ina ganin ba ni da tsarki, sai da wani malami ya ce mai irin lalurar nan tana da uzuri, ta yi alwala ta yi sallarta. Wannan ya fi ciwon cin raina.

Ba zan ɓoye miki ba, sau biyu aka yi mini kafin ya kama, kuma har yanzu in na yi tari mai ƙarfi ɗan ɗigo kan fito. Amma ina zuwa biki, ina zama cikin mata. An hana ni kusantar namiji na watanni, aka ce in na samu ciki in je awo da wuri, haihuwa kuma sai ta tiyata. Haka aka ciro mini 'yata bayan na sake aure. Ranar suna wata tsohuwa ta kawo zancen a kira wanzami ya cire mata angurya, na ce ko bayan raina. Tun 2015 akwai dokar tarayya da ta hana yi wa mata kaciya, amma a ƙauyenmu wa ya ji?

Ki raka ta da kanki, kar ki haɗa ta da wanda ya sa aka yanke ta. Ku tafi da zannuwa da yawa da bokiti da sabulu. A mota ki zauna kusa da ita, ke ce ta gefen mutane, domin ni tafiyar nan ta fi aikin yi mini wuya.