Tambaya da Amsa: Tsofaffin kayan kumbo da aka tsinto, na wa ne?

Wasiƙu huɗu muka haɗa a wannan fitowar, duk a kan kayan da suka rage daga farkon zuwan ɗan'adam sararin samaniya, da kuma wanda ya cancanci ya riƙe su.

Tambaya: Na ji an ce wani attajiri ya kashe kuɗinsa ya tsamo injinan rokar da ta kai mutum duniyar wata daga ƙarƙashin teku, amma aka ce ba nasa ba ne. Ta yaya wanda ya yar da abu shekara arba'in zai dawo ya ce nasa ne? *Daga wani malamin kimiyya, Zariya.*

Amsa: Malam, haka aka yi. Rokar Saturn V tana da injin F-1 guda biyar a gindinta, masu shan kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Kimanin minti biyu da rabi suke aiki, sai a saki ɓangaren da ke ɗauke da su daga nisan sama da kilomita 60, ya faɗa Tekun Atlantika ya farfashe. A watan Maris na 2013 ayarin da Jeff Bezos mai kamfanin Amazon ya ɗauki nauyinsa ya tsamo gutsattsarin injinan daga zurfin da ya haura mita 4,000, da na'urorin nutso da ake tuƙa su daga cikin jirgin ruwa. Bayan wata huɗu, ana cikin kankare tsatsa sai lamba 2044 ta bayyana a jikin wani ƙarfe, kuma a kundin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wannan lamba ta yi daidai da injin na biyar na Apollo 11, tafiyar da ta fara sauke mutum a duniyar wata.

Ka san ko a fiƙihu ana cigiyar tsintuwa ne don a gano mai ita. A nan mai ita ya buga shaidarsa a jiki. A dokar Amurka kayan gwamnati ba sa fita daga hannunta don an daɗe ba a neme su ba, sai in ita ta bayyana cewa ta sallama. Sashe na 8 na yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ma ya ce zuwan abu sama ko dawowarsa ƙasa ba ya sauya mai shi. Bezos kansa, tun da ya sanar da aikin a 2012, ya amince cewa injinan na NASA ne. Abin da ya roƙa shi ne a ajiye wasu a gidan tarihin jiragen sama na Seattle, aka kuma yi masa.

A ganinmu wannan daidai ne. Da harajin jama'a aka ƙera su, kuma riƙon irin wannan ƙarfe ba aikin mutum ɗaya ba ne. Abin da ya shekara 40 a ruwan teku, gishiri ya riga ya shige kowace kafa tasa. In aka bar shi ya bushe, gishirin yana daskarewa a cikin tsagogi, yana jawo laima, tsatsa tana ci daga ciki alhali waje kamar lafiya. Don haka ƙa'idar aikin ita ce kada a bari ya bushe: a jiƙa shi a tankin ruwan daɗi mai maganin tsatsa, a riƙa sauya ruwan ana auna gishirin da ya fito har ya daina fitowa, sannan a busar a hankali. Inda alminiyam ya manne da wani ƙarfe, shi ne ke fara lalacewa ya koma kamar farar toka, dole a warware su ɗaya bayan ɗaya. A cibiyar Cosmosphere da ke Hutchinson a jihar Kansas aikin ya ci sama da shekara biyu. Can ne kuma aka gyara kumbon Liberty Bell 7 na ɗan sama jannati Gus Grissom, wanda ya nutse a 1961 aka tsamo shi a 1999.

Tambaya: To in duk na gwamnati ne, me ya sa muke jin ana gwanjon kayan Apollo da miliyoyin daloli? Wani ma ya taɓa nuna min ɗan dutse ya ce na wata ne. *Daga wata 'yar kasuwa, Maraɗi.*

Amsa: Hajiya, duk abin da aka sayar bisa doka akwai takardar da ta nuna ranar da ya bar hannun gwamnati. Hanyoyin ba su da yawa. Bayan da aka yi gwanjon littafin duba aiki na Jim Lovell, kwamandan Apollo 13, a kan dala 388,375 a 2011, NASA ta tayar da magana, sai majalisar Amurka ta yi doka a 2012 cewa 'yan sama jannatin shirye-shiryen NASA na Mercury, Gemini da Apollo sun mallaki ƙananan kayan da suka dawo da su. Dokar ta cire dutsen wata ƙarara. Wani lokaci kuma kuskure ne: jakar da Neil Armstrong ya zuba samfurin farko na ƙasar wata a ciki, an rikita lambarta da ta wata jakar, gwamnati ta yi gwanjonta a 2015 a kan dala 995. Kotu ta ce wadda ta saya ta saya da gaskiya, ba a ƙwacewa, kuma a 2017 jakar ta tashi a dala miliyan 1.8. Hukuncin ya bi doka, amma asara ce ga jama'a, kuma sakacin rubuta lamba ne ya jawo ta. Sai ƙwayoyi uku na ƙasar wata da kumbon Luna 16 ya kawo a 1970, waɗanda Tarayyar Sobiyet ta bai wa matar marigayi Sergei Korolev, babban injiniyan rokokinta, kyauta. An sayar da su dala 442,500 a 1993.

Dutsen da aka nuna miki kuwa, kada ki ba da ko sisi. Kilo 382 na dutse da ƙasar wata da Apollo ta kawo na gwamnatin Amurka ne, ban da 'yan gutsattsarin da Shugaba Nixon ya raba wa ƙasashe 135 kyauta, kowanne a daskare cikin ƙwallon roba mai haske a kan allon katako tare da tutar ƙasar. Waɗannan dukiyar ƙasashen ne. Na Honduras da aka kai Amurka ana neman dala miliyan 5 a 1998, kama shi aka yi, aka mayar wa ƙasar.

Tambaya: Kakanmu ya yi aiki a tashar bibiyar kumbo da Amurkawa suka yi a Kano. Ya bar hotuna da wasiƙu da wani ɗan akwatin rediyo. Namu ne? *Daga wani ɗalibi, Kano.*

Amsa: Allah ya jiƙan kaka. Tashar Kano tana cikin jerin tashoshin da NASA ta kafa don shirin Mercury a farkon shekarun 1960, ita da ta Zanzibar, kuma ta yi magana da ɗan sama jannati John Glenn lokacin da ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962. Hotunan da ya ɗauka da wasiƙun da aka rubuta masa gadonku ne, babu mai ja da ku. Akwatin ne ke buƙatar dubawa. Ka juya bayansa da ƙasansa ka nemi ƙaramin faranti mai lambar kayan gwamnati. In akwai, ka bincika cikin takardun ko da shaidar an ba shi ko ya saya lokacin da aka rufe tashar, domin ita za a fara tambaya ranar da kuka so sayarwa.

Kada ka jona shi da wuta don gwaji, tsofaffin kayan cikinsa na iya ƙonewa nan take. Kada ka goge farantin da yashi ko ka sake fenti. Hotunan kuma kada a liƙe su cikin roba mai zafi, ba ta ɓaruwa. Ka cire ƙusar takarda mai tsatsa, ka rubuta sunaye da shekara a baya da fensir, ka ɗauki hoton kowanne, ka ajiye su nesa da bango saboda gara da laimar damina. Da za ku ba Gidan Makama ko Arewa House da ke Kaduna kwafi, da kun kyauta, domin tarihin ma'aikatan gida na wannan tasha a hannun iyalai irin naku yake.

Tambaya: In ƙarfen roka ya faɗo a gonata, zan iya sayar wa 'yan gwangwan? *Daga wani manomi, Gumel.*

Amsa: A'a, Malam, kuma lafiyarka ce abin fara dubawa. Abin da ya fi tsira daga wutar shigowa shi ne tankunan mai masu kama da tulu, kuma wasu na iya zuwa da ragowar haidirazin, mai mai guba da ke ƙona fata da huhu. In ka ji wari mai kama da na fitsarin da ya kwana, ka koma ta inda iska ke fitowa. Ka hana yara da dabbobi matsowa, kada a sare shi ko a sa masa wuta, ka ɗauki hoto daga nesa, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda, su kai maganar ga hukumar sararin samaniya ta NASRDA a Abuja.

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1968 ta ce ƙasar da abin ya faɗa za ta sanar da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasar da ta harba shi, ta mayar in an nema, mai shi kuma ya biya kuɗin ɗauko shi. In ya yi ɓarna, yarjejeniyar 1972 ta ɗora diyya a kan ƙasar da ta harba, amma gwamnati ce ke nema a madadinka. Shi ya sa hoton amfanin gonar da ya lalace, da kwanan wata, da shaidun unguwa suke da amfani. Kanada ta karɓi dalarta miliyan 3 daga Tarayyar Sobiyet bayan tauraron Kosmos 954 ya watsa tarkacen nukiliya a arewacinta a 1978.

Dutsen da ya faɗo da kansa daga sama, irin na Zagami mai kilo 18 da ya faɗo a lardin Katsina a 1962, hukuncinsa daban ne. Babu ƙasar da ta harba shi, don haka dokar ƙasar da ya faɗa ce ke aiki. A kan haka ne Nijar ta buɗe bincike a 2025, bayan an yi gwanjon wani dutsen duniyar Mars mai kusan kilo 25, wanda aka tsinta a yankin Agadas, a birnin New York kan sama da dala miliyan 5.