Amsa: Me ya hana Surya Bonaly zinare a gasar duniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko launin fatarta ne ya sa Surya Bonaly, baƙar fata 'yar Faransa, ba ta taɓa cin zinare a gasar zamiya kan ƙanƙara ta duniya ba. Wannan magana har gobe ana jayayya a kanta, amma ga abin da ya tabbata.

An haife ta a Nice ta Faransa a 1973, kuma da wasan alkafura ta fara, shi ya sa tsallenta ya fi na sa'o'inta ƙarfi. Ta ci kofin Turai sau 5 a jere, daga 1991 zuwa 1995, ta kuma zo ta biyu a duniya a 1993 da 1994 da 1995. Alƙalan lokacin sun fi fifita laushin jiki da tafiya da kiɗa, kuma nan suka riƙa rage mata maki.

Ta 1994 a Japan ce ta fi ciwo. Alƙalai 5 suka zaɓi Yuka Sato 'yar Japan, 4 suka zaɓi Bonaly. Da aka rataya mata azurfar, sai ta cire tana kuka. Ni dai a ganina an ƙware ta a ranar.

A 1996 jijiyar agararta ta tsinke. A Olimfik ɗin Nagano na 1998, ganin lambar yabo ta riga ta kuɓuce, sai ta yi alkafura ta baya ta dira da ƙafa ɗaya, alhali a lokacin an haramta alkafurar baya tun 1976. Aka zaftare mata maki, ta ƙare ta 10. Daga nan ta bar gasar Olimfik da ta duniya, daga baya kuma ta shiga koyar da yara a Amurka.