Tambayi Anti: Mun koma Ingila, an mayar min da 'ya baya a makaranta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya Kano ya mutan gida. Ni 'yar Gyaɗi-Gyaɗi ce, maigidana likita ne ya samu aiki a Ingila, shi ya fara tafiya daga baya muka bi shi ni da yara uku, yanzu muna Manchesta. Anti wlh abubuwa sun cakuɗe min. Babbar 'yata shekararta 13, a Kano har ta shiga SS1 amma nan sun ce aji tara za ta zauna, babanta ya lissafa ya ce JSS3 kenan aka mayar da ita, ransa ya ɓaci yana ta cewa sai ya je ya same su. Namijin mai shekara 9 kuma makarantar da ke bayan layinmu sun ce ba gurbi, sun tura shi wata sai mun hau bas, ga auta ɗan shekara uku a hannuna. Sannan satin da ya wuce aka kira ni makaranta wai yaron ya gaya wa malamarsu na zane shi da wayar caja. Ni kuma haka nake wuni ni kaɗai, ba mai shigowa ba mai sallama, kafin ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu. Ga bikin ƙanwata a watan Fabrairu ina so mu zo gaba ɗaya. Dan Allah ki ba ni shawara.
Daga wata uwa a Manchesta

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Kano lafiya lau sai ƙurar hunturu, Allah ya sa kun je a sa'a.

Bari in fara da maganar babbar tunda ita ce ta fi tayar wa Dakta hankali, ki ba shi haƙuri ki ce ya ajiye takalminsa, ba inda za shi. A Ingila ba a tambayar ajin da yaro ya baro, ranar haihuwa kawai ake dubawa, duk yaran da aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta ajinsu ɗaya ko da ɗaya ya haddace littafin lissafi ɗayan bai iya rubuta sunansa ba. Mu nan ne muka saba makarantun kuɗi su tsallakar da yaro daga aji huɗu ko biyar na firamare zuwa JSS1, uwa tana murna tana faɗa a gidan suna cewa 'yarta za ta shiga jami'a da shekara 16. Can kuwa sai 16 ɗin ake rubuta GCSE, jarrabawar kammala sakandarensu, a ƙara shekara biyu a yi A level, jarrabawar share fagen jami'a, ko makamancinta, a shiga jami'a da 18, kuma doka ce ma yaro ya zauna cikin karatu ko koyon sana'a har 18 ɗin. To gaggawar me ake?

Ni in kin tambaye ni ma sa'a kuka taka. A aji tara ne yawancin makarantu suke sa yara su zaɓi darussan da za su rubuta a GCSE, a aji goma a fara karatun gadan-gadan, shekara biyu ana abu ɗaya. Waɗanda nake tausayawa su ne masu zuwa da yaro ɗan 15 a jefa shi tsakiyar tafiya, an riga an karance littattafan adabin Turanci an yi nisa a kimiyya, shi kuma ko jin maganar malamin bai gama yi ba saboda yadda suke haɗiye harafi. 'Yarki tana da kusan shekara guda ta saba da kunne, ta gane yadda ake amsa tambaya, don can ba haddar not ake so a juye a takarda ba, ra'ayinki za a tambaya a ce kawo dalili, kuma a nan yaranmu suke fara tuntuɓe duk da ƙoƙarinsu a lissafi. Abin da Dakta zai je ya yi a makaranta shi ne ya tambaya wane rukuni aka sa ta a lissafi da kimiyya, don suna raba yara gwargwadon ƙoƙari, kuma sabon zuwa wani lokaci a ƙasa ake ajiye shi kafin a gane shi. Wannan ita ce maganar da ta cancanci ya ɗauki hutun rabin wuni a kanta.

Maganar namijin mai sauƙi ce duk da wahalar bas. Wanda ya zo tsakiyar shekara inda aka samu gurbi ake ba shi. Ki koma wajen kansul ɗinku, wato ƙaramar hukumarku, ki tabbatar sunansa yana jerin masu jiran gurbi a makarantar kusa da ku, mutane suna tashi kullum, kuma kina da damar ɗaukaka ƙara in aka hana ki. In makarantar da suka ba shi ita ce mafi kusa da ke da gurbi kuma ta wuce mil uku daga gida, ki tambayi maganar kuɗin mota, ga ɗan shekara 8 zuwa sama ma'aunin kenan. Sannan ki rubuta 31 ga Oktoba ki manna a jikin firij, ranar rufe neman gurbin sakandare ce a shekarar da zai shiga aji shida, kar a sake yi muku sakiyar da ba ruwa. Auta kuma tunda ya cika uku yana da awa 15 kyauta a sati a nazare lokacin zangon karatu, wannan ba ruwansa da irin bizar da kuke da ita, ki nema masa, ke ma ki samu ki numfasa.

Yanzu wayar caja. Ƙanwata ba zan ɓoye miki ba, ki daina, yau ɗin nan. Malamar ba gulma ta yi ba kuma ba tsanar ki ta yi ba, aikinta ne, in yaro ya faɗi irin wannan dole ta rubuta ta kai gaba, in ta yi shiru ita ce a ruwa. A Sikotlan an haramta dukan yaro kwata-kwata tun 2020, Wales ta bi a 2022, a Ingila inda kuke doka ta ɗan bar ƙofa amma da zarar an ɗauki wani abu an yi dukan da shi ko ya bar shaida a jiki, magana ta fita daga hannun iyaye. In ma'aikatan kula da yara suka ce za su zo gida ki buɗe musu ƙofa, ki ba su wuri su zauna, ki faɗi gaskiya cewa haka aka tashe mu kuma kin gane dokar nan daban ce kin bari. Kar ki yi musu, kar kuma ki ja yaron ɗaki ki ce in ya ƙara faɗa sai kin yi masa wanda ya fi wannan, don gobe ita ma za ta isa kunnen malama kuma ta fi ta farko muni. Horo bai ƙare ba ai, karɓe waya, hana kallo, hana zuwa ƙwallo ranar Asabar, yaran can wannan ya fi musu bulala ciwo. Haka barin su su kaɗai a gida ki leƙa shago, doka ba ta yanka shekara ba amma in wani abu ya faru ke za a kama, ɗan shekara 9 ba ya riƙon ɗan shekara uku a can.

Wani ƙaramin abu da za ki ji ranar ganawar iyaye da malamai, za su ce yaron ba ya kallon mutum in ana masa magana, ba ya tambaya a aji. Ki yi musu bayani cewa a gidanmu sunkuyar da kai ladabi ne, shi kuma ki gaya masa a makaranta ya ɗaga kai ya kalli malama ya yi magana, in ya dawo gida ya durƙusa ya gaida babansa yadda ya saba. Yara suna iya riƙe biyun, sun fi mu iyawa.

Amma duk cikin wasiƙarki layin da ya fi tsaya min shi ne wanda kika wuce da sauri, wai ba mai shigowa ba mai sallama. Yaran nan ki ba su wata shida za ki ji suna Turanci ta hanci kina cewa su maimaita, ke ce abin ji. A Gyaɗi-Gyaɗi ba ke kaɗai kike tarbiyya ba ko da kina ganin ke ce, akwai Hajiya, akwai matar maƙoci da za ta kwaɗa wa yaro kira in ta gan shi a waje bayan magariba, akwai malamin Islamiyya, mai adaidaita da ke kai su ya ɗauko su, yarinyar da ke miki wanke-wanke, ladan da ke tashin kowa da asuba. Duk wannan aikin yanzu ya dawo kanku ku biyu, ɗayan kuma yana asibiti yana kwana, shi ya sa hannunki ya kai ga wayar caja, gajiya ce da kaɗaici. Don haka ki fita. In kin kai yaro makaranta kar ki juya da sauri, ki tsaya a bakin get ki gaisa da matan da kika gani da hijabi, 'yan Pakistan ne ko Somaliya ko Sudan, su suka san shagon naman halal mai sauƙi da masallacin da ke da karatun yara na yamma. Ki tambayi Dakta a cikin abokan aikinsa wa ke da mata Bahaushiya, a sa ki a guruf ɗinsu, Manchesta ba ta rasa 'yan arewa ba. Laburaren unguwa kyauta ne kuma akwai ɗumi, suna da zaman iyaye da ƙananan yara. Duhun nan da rashin rana kuma yana taɓa jiki da zuciya da gaske, hukumar lafiyarsu ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D lokacin sanyi, masu baƙar fata irin mu ma duk shekara, in kuma kin ga kuka yana zuwa miki ba dalili ko barci ya ƙi, ki je wajen GP, likitan unguwa da kuka yi rajista da shi, ki faɗa, kar ki tsaya cewa ai da likita a gida.

Karatun addini kar ki jira sai kun natsu, ba ranar da za ku natsu. In na masallaci bai yi miki ba, mutane da yawa suna ɗaukar malami daga nan Kano yana yi wa yara ƙari da tilawa ta kiran bidiyo ana biyansa duk wata, sai dai ku kula da agogo, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabanku da awa ɗaya, sauran watanni lokacinmu ɗaya.

Biki kuma, hmm. Cire yaro daga makaranta a tafi biki ana cin tara a kai, tun Agustan 2024 fam 80 ne kan kowane yaro kuma kan kowane ɗaya cikin iyaye in an biya cikin kwana 21, in an wuce ya zama 160. Ku da ke da biyu a makaranta kin ga fam 320 kenan kafin kuɗin jirgi da anko. Akwai hutun sati ɗaya a tsakiyar Fabrairu, ki duba kalandar makarantarku ki gani ko ya dace da ranar, in bai dace ba ki zo ke da auta in Dakta zai iya riƙe manyan, zuwan gayya a bari sai dogon hutu na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Ranar Sallah dai suna ba da izini in kin sanar da wuri.

TAMBAYA: Anti ni tsohuwa ce a Yakasai, jikata ce ke rubuta min. 'Yata tana Ingila da yaranta, na samu mai tafiya ina so in aika musu kilishi da man shanu da dambun nama. Kuma in na kira su a waya yaran sai su yi ta min Turanci, abin yana damuna.

AMSA: Hajiya barka da war haka, Allah ya ƙara girma da lafiya. Kilishi da dambu da man shanu a bar su a gida mu ci, dokar ƙasar ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama ko abin da aka yi da madara, za a ƙwace a filin jirgi kuma a ja wa ɗan aiken magana. A haɗa musu kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da zoɓo, a ɗaure da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki, a ƙara da hijabai da yadi daga Kantin Kwari don can tsada ne da su.

Maganar Turanci kuwa ba yaran za a yi wa faɗa ba, iyayensu za a ja wa kunne su mayar da Hausa harshen cikin gida, in yaro ya tambayi ruwa da Turanci a amsa masa da Hausa. Ke kuma Hajiya ki riƙa kira ranar Asabar ko Lahadi da hantsi lokacin ba makaranta, kar a tsaya a ina kwana ya karatu, a yi musu tatsuniya, a tambaye su me suka ci, a sa su faɗi sunayen 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, in sun karya harshe kar a yi musu dariya a gabansu, dariyar nan ce take sa su rufe baki.