Sayen tsofaffin kayan ƙofa na tagulla a gyara a sayar: ina ribar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da makullai da hannayen ƙofa a Kano. Nakan ga tsofaffin hannaye da hinji da sakata na tagulla a wurin 'yan gwangwan, ana sayar da su a kilo. Ina da naira 300,000 a gefe, ina so in riƙa saye ina gyarawa ina sayarwa. Akwai riba a ciki? Kuma yaya ake gyaran ba tare da an lalata kayan ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai riba, amma tun a bakin sikeli ake samunta ko a rasa ta. Gogewa kowane yaron shago zai koya cikin mako biyu. Abin da ke raba mai ci da mai asara shi ne sanin abin da zai ɗauka daga cikin tarin, da abin da zai bar wa mai narkarwa.

Tagullar da ake yin kayan ƙofa da ita haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, jan ƙarfen yakan kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mayen ƙarfe ba ya kama ta. Saboda haka kada ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba tare da guntun mayen ƙarfe a aljihu ba, ko na tsohuwar lasifika ya isa. Duk abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, ajiye shi. Sai dai gwajin bai ƙare a nan ba, domin yawancin hannayen zamani masu ruwan zinariya na zubin tutiya ne, su ma mayen ba ya kama su. Juya bayan hannun, inda ba a gani idan an ɗaura, ka karce da bakin wuƙa. In ƙarƙashin ya fito rawaya, tagulla ce. In ya fito fari kamar azurfa, tutiya ce, kuma gogewa ɗaya za ta cinye rufin. Nauyi ma yana faɗa maka: tagulla ta fi zubin tutiya nauyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Bayan wannan sai cikar kaya. Hannu ɗaya ba abokinsa gwangwan ne, komai kyansa. Abin da ake saya da daraja shi ne saiti: hannaye biyu, farantan bayansu, sandar tsakiya mai kusurwa huɗu, murfin ramin makulli, da notunansu na asali. Notunan nan kada ka raina su. Kayan da suka fito daga tsofaffin gidajen GRA da kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa a Kano, Zariya da Kaduna yawancinsu na Ingila ne, irin su Union da Chubb, kuma zaren notinsu awon inci ne. Notin kasuwa na yau awon milimita ne, in ka tilasta shi zai cinye zaren ramin, hannun ya riƙa girgiɗi har abada. Hinji kuwa sai biyu ko uku masu girma ɗaya. Wanda ya tsage ko wanda ramin sandarsa ya buɗe ya zama zagaye, bar shi.

Ga lissafi, kuma farashin nan misali ne kawai, ka maye shi da na ranar da za ka saya. Mu ɗauka kilo naira 6,000 ne, mai kayan kuma ya ce ba tsinta, sai dai ka kwashe duka. Ka ɗauki kilo 20 a kan 120,000. Ka sa a ranka kilo 7 ne za su gyaru. Sauran 13 ka mayar wa 'yan gwangwan a kan 5,000, ka karɓi 65,000. Ke nan kilo 7 sun tsaya maka a 55,000. In suka ba da saiti 10, kowanne 5,500. Ƙara kayan aiki na 1,500 da ladan yaro na 4,000, saiti ya tsaya a 11,000 kafin ka ɗora riba. Ribar kuma kada ta yi ƙasa da rabin wannan kuɗin, domin kaya ne masu jiran mai so, saiti na iya yin wata huɗu a kanta. Daɗin harkar shi ne kayan ba sa faɗuwa ƙasa da kuɗin kilonsu, in kasuwa ta ƙi. Amma ladan aiki da ka zuba ba ya dawowa a sikeli.

Don haka ba mu ba ka shawarar zuba 300,000 gaba ɗaya ba. Kashe kamar 60,000 a kayan aiki, 120,000 a saye na farko, sauran ka riƙe har sai saiti biyar sun fita. A tsakani ka karɓi aikin gyaran na mutane: masallatai, otal-otal, gidajen sarauta, da masu sabunta tsohon gida. Wannan ba ya cin jari, ana biyan rabi kafin a fara, kuma a nan za ka san masu sayen naka. Kafintoci masu yin ƙyauren katako mai tsada su ne dillalanka na gaskiya, ka kai musu samfuri su gani da ido.

Yanzu aikin kansa. Kafin ka taɓa noti, ɗauki hoton kayan da waya gaba da baya, ka tanadi gwangwani ɗaya ga kowane saiti. Notin tagulla laushi ne da shi. Fara kankare fentin da ya cika tsagar kansa, ka sami sukundireba wadda bakinta ya cika tsagar daidai, ka danna da ƙarfi kafin ka juya. In ya ƙi, ɗiga kananzir ka ba shi dare ɗaya. Mulmulallen hannu yana da ƙaramin noti a wuyansa wanda ya riƙe sandar tsakiya. Sai an kwance shi hannun zai zare, wani ma sai an murɗa shi domin sandar tana da zare. Kada ka kama tagulla da filaya tsirara, naɗe ta da tsumma ko fata, shatin haƙoran filaya ba ya goguwa.

In ban da ɗan na tsagar noti, fenti ba a kankare shi a bushe. Tsohon fentin mai sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma ƙurar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Sami tsohuwar tukunya wadda ba za a sake girki da ita ba, zuba ruwa ya rufe kayan, ƙara cokali biyu na garin sabulun wanki, ka bar shi a wuta kaɗan-kaɗan awa uku zuwa huɗu a fili. Fentin zai yi laushi ya saɓule, ka bi lunguna da tsohon buroshin haƙori da tsinke tun kayan na da zafi. Dattin ka ƙulle a leda, kada a zubar inda yara ke wasa. Tsohon banish da ya yi dabbare-dabbare kuwa tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ita ce ke cire shi.

Akwatin makulli ba ya shiga tukunyar nan, domin sifirin ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, zai yi tsatsa. Kwantar da shi, buɗe murfin a hankali, ɗauki hoto. A ciki akwai siraran faranta da ake kira liba, biyu zuwa biyar, kowacce da yankanta. Jera su yadda ka ciro su. In ka sauya jeri, ɗan makullin ba zai buɗe ba. Wanke da kananzir, shanya, shafa giris kaɗan a jikin harshen da ke shiga bango. Ramin makulli kuwa garin bakin fensir ake busa masa. In ka zuba man inji, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama ƙulli.

Baƙi da koren da ke jikin tagulla tsami ke cire su. Kwaɓa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da rabin kofi na ruwan khal da fulawa har ya yi kauri, ko ka jiƙa tsamiya ka sa gishiri. Shafa, jira minti 10 zuwa 15, wanke da ruwa mai yawa, goge ya bushe nan take. A nan masu gaggawa ke ɓarna: su jiƙa kaya a tsami su kwana, ko su zuba ruwan batir. Tsamin yana cinye tutiyar da ke saman, ya bar jan ƙarfe, sai ka ga hannu ya koma ja-ja. In abin bai yi zurfi ba gogewa za ta fitar da shi, in ya yi zurfi fuskar ta zama ramuka. Soda mai ƙarfi ta masu sabulu tana baƙanta tagulla, ammoniya kuma tana sa siraran faranta tsagewa.

Karce mai zurfi ana binsa da samfefa jiƙaƙƙiya, lamba 600, sai 1000, sai 2000, ta fuska ɗaya. Daga nan man goge ƙarfe na Brasso da tsumman auduga, ko injin gogewa mai faifan yadi. Faifan waya na masu walda kada ya kusanci kayanka. Kuma ka ja wa yaronka kunne kan sunan kamfani da zanen da ke jiki: su ne shaidar tsufan kayan, in ya goge su sun shafe, ya mayar maka da saitin 20,000 ya zama na kilo. Wasu masu sayen ma duhun tsufan suke so, wanki da kaki kawai suke buƙata. Saboda haka kada ka goge duka. Ajiye rabi a wanke, ka tambayi mai saye.

Farantin da ya lanƙwashe ana gasa shi har ya yi ja kaɗan, a bar shi ya huce, sannan a miƙar da gudumar katako a kan katako. Na zubi mai kauri in ka matsa masa karyewa zai yi, wannan sai mai waldar gas.

A ƙarshe kariya. Kakin zuma da aka narkar da ɗan tafentain ya fi dacewa da hannun da ake taɓawa kullum, ana sabunta shi duk bayan 'yan watanni. Banish na feshi, shafi biyu sirara bayan an goge maiƙo da tina, ya fi dacewa da faranti da lambar gida. A hannu yakan ɓare inda tafi ke gugarsa. Wajen ɗaurawa, a huda katako a fara shigar da notin baƙin ƙarfe ya buɗe hanya, sannan a sa na tagulla, in ba haka ba kansa zai guntule a ciki.

Saura batun da zai iya cinye jarin duka: kayan sata. A farkon 2025 hukumar Abuja ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda sace-sacen ƙarafan gwamnati. Ka sayi kaya a wurin mai rumfa sananne, ko kai tsaye daga ɗan kwangilar da ke rushe gini, ka rubuta suna da rana da nauyi a littafi, ya sa hannu. Yaron da ya zo maka da hannun ƙofa biyu a buhu da magariba, ko kyauta ya ba ka kada ka karɓa.