Hukuncin soka allurar China a kunne saboda ciwon baya

Tambaya: Salamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni direba ne ina jigila tsakanin Jidda da Makka, yau shekara 3 kenan ciwon ƙugu ya hana ni sakat, wani lokacin ko ruku'u da ƙyar nake yi. An nuna min inda ake yin ibar siniyya, wato allurar China, amma a kunne suke sokawa, sai abokina yace wai tsafin 'yan China ne kar in je. Ya halatta? Kuma ya batun alwala da azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya sa kaffara ne. Ya halatta. Asali a neman magani halasci ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bn Sharik cewa Annabi (SAW) yace ku nemi magani bayin Allah, don Allah bai sanya wata cuta ba sai ya sanya mata magani, ban da tsufa. Kuma fitowar abu daga hannun wanda ba musulmi ba baya haramta shi, ai ɗan jagoran da ya nuna hanya ranar hijira bai musulunta ba a lokacin, amma an amince da sanin sa.

Maganar tsafi kuwa, abokin naka ya duba da kyau. Wannan ta kunnen da ake yi yanzu wani likita ne ɗan Faransa, Paul Nogier, ya fito da taswirar ta a 1957, ya kwatanta kunne da jariri kwance a ciki kai ƙasa, kowane gurbi yace yana da alaƙa da wata gaɓa, daga baya China ta ɗauka ta haɗa da nata tsohon ilimin. Allura ce siririya, babu yanka babu kiran wani ba Allah ba. In ka je ka tarar ana haɗa maka da taurari ko ana karanta abin da baka gane ba, toh tashi ka fita, wannan wani abu ne daban.

Amma inda nake so ka tsaya dani, halal daban, yana aiki daban, na biyun ba malami ke yanke shi ba. Su kansu likitoci basu haɗu a kai ba, a 2016 hukumar NICE mai ba da shawarar lafiya a Ingila tace kar a riƙa ba masu ciwon baya allurar China, a 2017 kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abin da za a iya gwadawa kafin ƙwayoyi. Wasu suna samun sauƙin zafi na ɗan lokaci, shi kenan, duk wanda yace zai raba ka da ciwon har abada ya faɗi abin da bai sani ba.

Don Allah ka fara zuwa mustashfa, wato asibiti, a duba ka. Ciwon shekara 3 ba na wasa bane, a ƙasar nan akwai wani zazzaɓi, humma maltiya, da ake ɗauka daga nonon raƙumi ko na akuya da ba a tafasa ba kuma tana kama ƙashin baya, ga tarin fuka shima yana kama ƙashin bayan. In ƙafa na mutuwa, ko fitsari na ƙwace maka, ko zazzaɓi da rama, wannan ba maganar kunne bace, a ranar za ka je. Sannan in za ka yi allurar, wajen mai lasisi kawai, allura sabuwa a buɗe ta a gabanka. Na taɓa ganin wani bawan Allah da aka yi wa a wani ɗaki, kunnen ya kumbura yayi jawur yana ruwa, ko kwanciya ta ɓangaren baya iyawa, guringuntsi in ya ɗau ƙwayar cuta wuyar warkewa gare shi. Hadisi yace wanda yayi likitanci ba a san shi da ilimin ba, shi ke da lamuni.

Alwala bata karyewa da ɗan jinin da zai fito, haka mazhabar Malik take. Azumi ma lafiya lau, babu abin da ya shiga ciki. Ƙananan alluran da ake mannewa a kunne da filasta su kwana biyu, shafar kunne a alwala sunna ce, amma wankan janaba sai ruwa ya taɓa bayyanannen kunne, in cirewa zai cutar ka shafa a kan filastar. Ranar da ruku'u ya gagara kayi nuni gwargwadon iko, in tsayuwar ma ta gagara ka zauna, haka aka umarci Imrana bn Husaini a Bukhari. Wallahu a'alam.